Abin da ya samu Kawu: marurun da ya yi shekaru yana nuna a cikin jijiya

Tun da abin nan ya samu kawuna mutane ke ta tambayata, wasu a waya wasu a WhatsApp, wai me ya same shi takamaimai, mutumin da ko zazzaɓi bai cika kwantar da shi ba. Na gaji da maimaita labari ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, da izininsa, amma ba zan kama suna ba. A taƙaice dai shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, wato bugun ƙwaƙwalwa. Ni malamin jinya ne a Birnin Kebbi, ba likita ba, duk da a gida kowa likita yake ce min kuma na daina gyara musu tunda ba sa ji.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shekararsa 59, Bakabe ne ɗan Argungu. Noman shinkafa yake yi a fadama damina da rani, amma sana'ar da ya gada ita ce bandar kifi, tun yana saurayi yake tsaye a kan banda hayaƙi na shiga masa ido da hanci, in ka rungume shi ma ƙaurin kifi za ka ji. Ya sha sigari kusan shekara ashirin, ya bari da ya dawo daga Hajji shekara shida da suka wuce. A gwajin maniyyata na wannan tafiyar ne aka fara ce masa yana da hawan jini, aka rubuta masa magani, ya sha har ya je ya dawo, daga nan sai ya mayar da shi kamar fanadol, sai ranar da kai ya sara masa zai ɓalli ɗaya. In na yi magana ya ce, "Kai likita, maganin ga na Bature in ka hwara shi ba a bari, ni ko lahiya lau nike." Ga goro, haƙoransa duk sun rine, dasashi na jini kullum in ya yi asuwaki, biyu ma suna girgiɗa. Ga tumbi da ya fito bayan hali ya ɗan samu. Miya kuwa in ba ta ji magi da gishiri ba cewa yake ruwan wanke hannu aka kawo masa. Sannan akwai ciwon baya na noma da yake sayo masa haɗi a wani kemis, ƙwayoyi huɗu biyar a ƙulle a leda, ba wanda ya san sunansu.

Abu na farko ya faru ne a watan Disamba, kuma wallahi shi ne ya fi ci min rai har yau. Bayan sallar asuba yana zaune wajen mai shayi sai kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama, ya so ya yi magana harshe ya yi nauyi, abokansa suka ce kamar mai magana da tuwo a baki. Minti goma haka sai ya sake shi, ya tashi ya hau mashin ɗinsa ya tafi fadama. A gida aka ce iska ce ta buge shi, aka yi masa tofi aka rufe zancen, ni kuwa ba wanda ya gaya min sai bayan mai afkuwa ta afku. Wannan shi ne ƙaramin bugu na gargaɗi, wato wani ɗan gudan jini ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa sannan ya narke da kansa kafin ya yi ɓarna, kuma an san cewa hatsarin babban bugun ya fi yawa a kwanakin farko da makonnin farko bayansa. Da ranar aka kawo shi asibiti da labarin ya iya canzawa.

Sati uku bayan nan hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari, Kawu ya kamu da mura mai ƙarfi da tari da zazzaɓi. Kwana na huɗu Inna, matarsa, ta tashe shi sallar asuba ta ga baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki, yana kallonta yana son magana ba ta fita. Aka kira malami, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, wani ya kawo man shafawa, sai wajen azahar wani ɗansa ya kira ni. Na ce ku sa shi a mota yanzu yanzu, kuma kar wanda ya ba shi ko ruwa. Argungu zuwa Birnin Kebbi tafiyar kusan awa ɗaya ce amma sai bayan la'asar suka iso. Ba na zagin rubutu, ni ma na sha, amma ana iya yin addu'ar a cikin mota. Akwai allurar narkar da gudan jini da ake yi a inda ake da ita, sai dai ƙa'idarta cikin awa huɗu da rabi ne daga fara ciwon, kuma wani ƙiyasi da aka buga a 2006 ya nuna a babban bugu irin wannan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa duk minti ɗaya da aka bari. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu, nauyinta kusan kashi 2 cikin ɗari ne na jiki amma tana cin kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka, in aka yanke mata minti kaɗan ta fara lalacewa.

Da aka auna jininsa 190 bisa 110. Washegari aka samu aka yi hoton kai, siti sikan, ya nuna toshewa ce a ɓangaren hagu ba fashewar jijiya ba, shi ya sa dama ta shanye kuma magana ta tafi, don ɓangaren hagu ne ke riƙe da dama kuma a wurin yawancin mutane nan magana take. Sai a lokacin aka fara ba shi asfirin, kuma don Allah a lura da wannan, ba a ba mai shanyewar ɓarin jiki asfirin a gida kafin hoto, in fashewa ce ƙara masa zubar jinin za ka yi. Bayan kwana biyu aka yi sikanin wuya, aka ga babbar jijiyar da ke kai jini kai ta gefen hagu ta ƙuntata, akwai wani tudu a jikin bangonta samansa ba sumul ba.

A nan ne likitan da ke duba shi ya yi mana bayanin da ya sa nake wannan rubutun. Yayana ya tambaye shi, "Ranka ya daɗe, kitse ne ya toshe ko?" Ya ce kitse na ciki, amma ku daina ɗaukarsa kamar man shanu da ya daskare a cikin tiyo. Ni da na koma na sake karatu a kai, misalin da ya fi zauna min shi ne maruru. Cikin kowace jijiyar jini akwai wani shimfiɗi siriri mai santsi, kaurinsa ƙwayar halitta ɗaya tak, shi ke sa jini ya wuce ba ya maƙalewa. Hawan jini kullum yana dukansa, hayaƙi da sigari suna ƙona shi, suga in ya yi yawa yana cinsa. Da ya samu rauni sai mugun kolestorol, wato wani irin kitse da ke yawo a jini, ya kutsa ya shige cikin bangon, ya lalace a can, jiki kuma ya ɗauke shi a matsayin baƙon abu ya turo sojojinsa, fararen ƙwayoyin jini. Su kuma su haɗiye kitsen su yi ta haɗiya har su kumbura su mutu a wurin, kafin su mutu sun kira wasu, wasu su zo su ma su mutu. Shekara da shekaru ana haka sai a samu wani ƙulli mai ruɓaɓɓen ciki kamar mugunya da 'yar fata a rufe a sama. To wannan yaƙin da ba ya ƙarewa shi ake nufi da kumburin jijiya.

Abin da ya sa yake da mugun hali shi ne ba ya ciwo. Marurun hammata zai hana ka barci, wannan kuwa kana noma kana cin tuwo kana zuwa ɗaurin aure yana nan yana nuna. Kuma sojojin nan suna fitar da wasu sinadarai da ke cinye fatar da ta rufe shi ta yi ta sirancewa. Ranar da ta tsage, jini ya taɓa abin da ke ciki sai ya daskare nan take kamar yadda yake daskarewa in ka yanke, gudan ya toshe wurin ko ya ɓalle ya bi jini ya hau sama ya maƙale a wata ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa. Kofin shayin Disamba ɗan ɓalli ne ya wuce. Na Janairu babba ne ya zauna.

Murar ma ba a banza ta zo cikin labarin ba. In mutum ya kamu da ciwon ƙirji ko zazzaɓi mai ƙarfi duk jiki ne ke shiga shirin yaƙi, jini ya fi saurin daskarewa, ƙullin da ke jijiya ya ƙara zafi, ga rashin shan ruwa. Wani babban bincike da aka yi da bayanan marasa lafiya na Birtaniya aka buga a 2004 ya gano hatsarin shanyewar ɓarin jiki yana ninkawa kusan sau uku a kwana ukun farko na ciwon hanyar numfashi. Ba wai mura ke shanye jiki ba, kar wani ya je ya ce na ce, ta dai tarar da gini ya riga ya tsage ne ta jingina. Haka dasashin nan da muke rainawa, baki mai ruɓewar dasashi gyambo ne buɗaɗɗe da ke tura ƙwayoyin cuta cikin jini kullum, an sha gano alamun ƙwayoyin cutar baki a cikin irin ƙullin nan na jijiya, kuma masu ciwon dasashi mai tsanani sun fi samun bugun.

Wannan magana ba sabuwa ba ce a wurin masana. Tun 1999 wani masani a Amurka, Russell Ross, ya rubuta ƙarara cewa taurin jijiya, wato wannan ƙullin da ke taruwa a bangonta, ciwon kumburi ne. Sai 2017 aka fito da sakamakon wani gwaji mai suna CANTOS da Paul Ridker ya jagoranta, mutum sama da dubu goma da suka taɓa samun bugun zuciya, aka ba wasu allurar da ke kashe kumburi kawai ba ta taɓa kolestorol ko kaɗan, sai ga shi bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta wannan hanya, in an haɗa su, sun ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari. Amma allurar tsada gare ta na fitar hankali kuma ta ƙara yawan masu mutuwa da cututtuka masu kama jiki, tunda an rage wa sojoji ƙarfi. Akwai kuma wani tsohon maganin ciwon gaɓɓai, kolcisin, da Amurka ta amince a 2023 a riƙa ba wasu masu ciwon zuciya kaɗan kaɗan, sai dai manyan gwaje-gwajen da aka yi kan masu shanyewar jiki da suka fito a 2024 ba su nuna fa'ida bayyananniya ba. Shi ya sa likitanmu bai rubuta wa Kawu shi ba da na tambaya.

An auna masa wani abu a jini da ake ce wa CRP, hanta ce ke fitar da shi in akwai kumburi a ko'ina a jiki. A ma'aunin hatsarin jijiya ƙasa da 1 ana ganin da sauƙi, 1 zuwa 3 tsaka-tsaki, sama da 3 ya yi yawa. Na Kawu a kwanakin farko ya yi sama sosai, amma likita ya ce kar mu ɗauki wannan, mutumin da ke tari da zazzaɓi ga sabon rauni a ƙwaƙwalwa dole ya hau. Bayan wata biyu da komai ya lafa aka sake, har lokacin yana sama da 4. Wannan na biyun shi ne ke ba da labarin wutar da ke ci a ƙarƙashin toka.

Kwana na uku zuwa na biyar a asibiti su suka fi tsorata mu. Kawu ya ƙara nauyi, barci kawai, Inna ta fara kuka tana cewa jiya ma ya hi haka. Wani kumburin ne daban, wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ne ke kumbura, kuma ƙoƙon kai ba ya buɗewa balle ya ba shi wuri, yawanci a waɗannan kwanakin yake kaiwa ƙarshe sannan ya fara sauka. Ga faɗan da na yi ta yi da 'yan dubiya, kowa ya zo da kunu ko fura yana son ya ɗura masa don tausayi, alhali maƙogwaron bai dawo daidai ba, in ya kauce ya shiga huhu sai nimoniya, kuma ita ke kashe da yawa daga masu wannan ciwon ba bugun kansa ba. Har wata gwaggonmu ta yi fushi ta ce na hana ɗan'uwanta abinci. Ta tiyon hanci aka ciyar da shi sai da aka gwada haɗiyarsa aka ga ta yi.

Yanzu ga kuskuren da nake so kowa ya ji, don a gidanmu aka yi shi. Bayan an sallame shi, wani ɗansa da ya ji likita na ta cewa kumburi kumburi, sai ya tafi kemis ya ce a ba shi maganin kumburi mai ƙarfi. Aka haɗo masa dikulofenak da dekza. Kwana tara Kawu na sha a ɓoye ni ban sani ba, na zo ranar Asabar na auna na ga jini ya koma 170, ƙafa ta ɗan kumbura, yana cewa cikinsa na zafi. Da na zazzage ledar magungunan na gani sai da jikina ya yi sanyi. Dikulofenak da danginsa suna hawar da jini, suna riƙe ruwa, suna wahalar da ƙoda, su da kansu suna ƙara hatsarin bugun zuciya da na ƙwaƙwalwa, in ka haɗa da asfirin kuma ga gyambon ciki da zubar jini. Dekza kuwa ta hawar da suga ta hawar da jini. Kuma da na bincika, haɗin ciwon bayan da ya yi shekaru yana sha ma da dikulofenak a ciki. Yaron bai yi da mugunta ba, kalmar ce ta yaudare shi, kumburin targaɗe daban na cikin jijiya daban.

Abin da ke kwantar da na jijiya abubuwa ne marasa ban sha'awa. Maganin hawan jini kullum ko kai na ciwo ko ba ya yi, shi amlodifin aka ba shi da wani a kai. Atobastatin da dare, wanda bayan rage kolestorol yana rage CRP kuma yana taimaka wa fatar ƙullin ta yi ƙwari. Asfirin ƙarami. Aka kai shi wajen likitan haƙori aka cire haƙora biyun nan masu girgiɗa aka wanke sauran. Banda kuwa an bar wa yara, ko kusa da hayaƙin ba ya zama. Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan har da wanda ke cikin magi, a nan ne aka fi shan daga da shi. Inna ta koma daddawa da albasa da tafarnuwa, ga zogale da rama da alayyafo. Kuma ba ra'ayina ba ne kawai, binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya nuna hawan jini shi ne uban tafiya a wajenmu da nisa, kusan kashi 90 cikin ɗari na bugun ana iya danganta shi da shi, sannan ƙara gishiri a kwano da rashin cin ganye suna cikin abubuwan da suka fito. Mutanenmu aka auna ba Turawa ba.

Akwai wani abu a hoton kan da ban gaya wa Inna ba sai daga baya. Ban da sabon raunin, an ga wasu ƙananan tabo tsofaffi can ciki da wani dusu-dusu a farin ɓangaren ƙwaƙwalwa, alamar ƙananan jijiyoyi masu siranta kamar gashi sun daɗe suna lalacewa. Da na yi mata bayani sai ta yi shiru ta ce, "To shi ya sa." Ashe kusan shekara biyu ke nan lissafi na ruɗe masa, mutumin da ke riƙe bashin dillalan kifi goma a ka ba takarda ya koma sai ya tambayi yaro, tafiyarsa ta zama gajere-gajere, ga saurin fushi da ba halinsa ba. Duk an ɗauka girma ne. Irin wannan lalacewar a hankali ita ke kai wasu ga ruɗewar tsufa ko da ɓarin jikinsu bai taɓa shanyewa ba, mu kuma sai mu ce tsoho ya fara gigi.

Yau wata tara ke nan. Da gashin da ake masa a asibiti da wanda yara ke masa a gida safe da yamma, ƙafa ta dawo yana zuwa masallaci da sanda, yana ɗan jan ta. Hannun dama bai dawo sosai ba, yatsun a naɗe suke, da hagu yake jan carbi. Magana na fita amma wani lokaci kalma ta ɓace masa ya yi ta nuni yana jin haushi, wani lokaci kuma hawaye su zubo ba dalili, shi kansa kunya yake ji, na ce masa ciwon ne ba raunin zuciya ba. CRP na ƙarshe ya sauko ƙasa da 2. Maganar aikin jijiyar wuyan an ce a ci gaba da magani ana sake sikanin tukuna.

Makon jiya na je Argungu, na tarar da shi a zaure a kan tabarma. Ya miƙo min hannun hagu tun kafin in buɗe jaka, na ɗaura na'ura, 136 bisa 84. Ya ce, "Nawa ta ce?" Na gaya masa. Ya ce, "To ka hwaɗa ma Innarka ta ƙara ko rabin magi, tunda na ci jarabawa." Inna daga tsakar gida ta ce ko ƙwaya. Ya tambaye ni nawa buhun shanshera yake a Birnin Kebbi yanzu, na faɗa masa, ya jinjina kai ya ce an yi tsada. Muka ɗan taɓa hirar fadama, can sai ya juyo ya sake tambayata nawa buhun yake.